Idan Sankarar Mafitsara Ta Shigo Gida: Tambayoyin da Ake Jin Nauyin Yi

Waɗannan tambayoyi irin waɗanda ba a yi a gaban likita ne. Sai an fito, ko ana cikin mota kan hanyar dawowa daga Sakkwato, sannan suke fitowa. Wasu na magidanta ne, wasu na matansu, wasu na 'ya'ya. An tsara amsoshin ne da mutanen jihar Kebbi a rai, kuma ba za su ɗauke wa kowa ganin likita ba.

Mece ce wannan cuta, kuma me ya haɗa ta da fitsari?

A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wata 'yar tsoka mai girman goro da likitoci ke kira furostet. Ita ke samar da wani kaso na ruwan maniyyi, kuma hanyar fitsari ta tsakiyarta ta ratsa, shi ya sa idan ta kumbura a fitsari ake gani. Sankarar da ke tsirowa a wannan tsoka, wadda ake kira sankarar mafitsara ko da yake ba a cikin mafitsarar take ba, ta fi kowace sankara yawa a tsakanin mazan Nijeriya. Ba ta cika kama matashi ba, daga shekara 50 take yawaita, kuma ta fi kama baƙar fata. A Birtaniya, inda ake ajiye lissafi sosai, namiji 1 cikin 8 ke gamuwa da ita a rayuwarsa, amma a cikin baƙaƙe 1 ne cikin 4.

Abin da ke ciyar da ita shi ne sinadarin mazantaka da maraina ke samarwa. Wani likita a Amurka, Charles Huggins, ya tabbatar da haka a 1941, har aka ba shi kyautar Nobel a 1966. Daga nan ne mafi yawan abin da ke damun maza game da maganin ya samo asali, domin rage sinadarin na daga cikin manyan hanyoyin raunana cutar.

Babanmu na tashi fitsari sau uku sau huɗu kafin asuba. Ita ce?

Ba lallai ba. Yawancin dattawan da fitsarinsu ke fita da ƙyar ko yake tsinkewa, kumburin tsufa ne ya kama tsokar, kuma wannan ba sankara ba ne. Abin da ya fi ban tsoro shi ne, a farkonta sankarar ba ta cika nuna alamar komai ba. Ba a rarrabe su da ido ko da labari. Akwai gwajin jini mai suna PSA, akwai duba tsokar da yatsa ta dubura, wanda ba ya kai minti ɗaya amma ya hana dattawa da dama zuwa asibiti, sannan in akwai shakka a ɗebi ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Hawan PSA kaɗai ba hukunci ba ne, kumburi ko ƙwayar cuta a hanyar fitsari ma na ɗaga shi.

Abin da ya fi cin mutanenmu shi ne sunan da ake raɗa wa matsalar tun a gida. A ce basir ne, a ce sanyin mara ne, a shekara biyu ana shan jiƙo. Shi ya sa mafi yawan masu cutar a ƙasar nan ba sa isa wurin likita sai ta riga ta bar inda ta fara.

Tun ranar da aka gaya wa maigidana sakamako ya daina hira, abu kaɗan sai faɗa. Laifina ne?

Ba laifinki ba ne. Mutumin da ya yi shekara talatin shi ake kai wa matsala ya warware, yau ya wayi gari shi ake tattaunawa a kansa. Namijinmu ba ya cewa yana jin tsoro. Zai ce gishiri ya yi yawa a miya, zai kori jikoki daga zaure, zai kashe rediyo ana tsakiyar labarai, in kin tambaye shi ya ce, "Lahiya lau nike."

Kada ki tsare shi da "me ke damunka" a gaban yara. Tambaya ƙarama ta fi shiga: yaushe ne komawa asibiti, in shirya mu tafi tare? Idan kuma an fara yi masa allurar rage sinadari, ki sani ita kanta tana sauya hali. Tana kawo kasala da saurin fushi, wani har hawaye ke zo masa ba dalili, ga wani zafi da ke taso masa daga ƙirji zuwa fuska. Za ki gan shi da tsakar hunturu, kowa na cikin bargo, shi ya tuɓe riga yana fifita gumi na ɗiga. Ba aljanu ba ne, aikin maganin ne, kuma likita na da abin da zai rage masa.

Akwai iyaka. In ya wuce mako biyu ba ci ba barci, ya daina fita ko masallacin ƙofar gida, ko ya fara cewa gara ya mutu kowa ya huta, wannan ciwon damuwa ne kuma yana da magani. Ki gaya wa likitansa ko da shi bai so ba. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware ba na waɗanda suka fita hayyacinsu kaɗai ba ne, ana ganin masu irin wannan damuwa su karɓi magani su koma gida a ranar.

Ni ne mai ciwon. Dole ne sai na gaya wa iyalina? Ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce ka yi shela a kasuwar Jega. Sirrin jikinka naka ne. Amma matarka ba ta cikin waɗanda za a iya ɓoye wa, ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba. Ita ke jin tashinka da dare. Ita ke ɗauke zanen gado tun kafin kiran sallar farko, ta wanke a bayan ɗaki, ta shanya inda yara ba za su gani ba, ta dawo ta yi kamar ba ta ga komai ba don kada ka ji kunya. Ta san akwai abu. Abin da ba ta sani ba shi ne mene ne, kuma wannan gurbin ba ya zama a buɗe, sai ta cike shi da zato: ko ka daina son ta, ko aure za ka ƙara, ko wata cutar ka kwaso a waje, ko an yi maka sammu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya fi gaskiyar zafi a wurinta.

A ganina, ɓarnar da shiru ke yi a gida takan riga ta cutar isowa. Akwai auren da ya tsira daga sankara amma bai tsira daga watanni shida na rashin bayani ba.

Sannan akwai lissafi na zahiri. Maganin nan ba na mako ɗaya ba ne. Akwai ranakun allura da ba a tsallakewa, akwai tafiye-tafiye, akwai ranar da za ka fito daga ɗakin likita ba ka riƙe rabin abin da ya faɗa ba saboda kanka ya ɗau zafi. Kana buƙatar kunne na biyu. Ka zaɓi mutum biyu ko uku: uwargida, ɗa ko ƙane mai hankali, da amini guda. Sauran jama'a ya ishe su su ji cewa matsalar fitsari ce kuma ana magani.

Manyan mutane ma sun faɗa ba su ragu da komai ba. An gano ta a jikin Nelson Mandela a 2001, aka yi masa gashi, wato ƙona sankarar da hasken na'ura, na mako bakwai, ya rayu har 2013. Farfesa Wole Soyinka da bakinsa ya gaya wa 'yan jarida a 2014 cewa ya yi fama da ita kuma an yi masa magani.

Likita mu 'ya'ya ya gaya wa, Baba bai sani ba. Mu ci gaba da ɓoye masa?

Wannan na faruwa kullum. Likita ya yi bayani da Turanci yana kallon ɗan, tsoho na zaune da hularsa a gwiwa yana bin bakinsu da ido, da an gama ya ce, "Mi ya ce?" ɗan ya ce, "Ya ce sanyi ne, Baba, za a ba da magani." Niyyar mai kyau ce. Amma mutumin da aka ce masa sanyi ne ba zai ga dalilin sayar da shanunsa ba, ba zai yarda a yi masa tiyata ba, kuma da ya ɗan ji sauƙi zai bar allura. Ga basussuka da amanar mutane da shi kaɗai ya san inda suke.

Ba sai an zuba masa komai rana ɗaya ba. A fara da tambayarsa, "Baba, kana so likita ya yi maka bayani da kanka, ko mu ji mu gaya maka?" Wani zai ce a gaya masa duka, wani zai ce ku dai ku yi abin da ya dace. Kowanne ya zaɓa, shi ya zaɓa. Ku kuma roƙi likita ya yi magana da Hausa, ko a samo ma'aikacin da zai fassara tsakani da Allah.

Zan iya ɗaukar cutar daga mijina?

A'a. Ba a ɗaukar ta ta kwanciya, ko kwanon abinci, ko wankin kaya. Yawan mata ba ya kawo ta, rashinsu ma haka. Gashin da ake yi da na'ura daga waje ba ya barin komai a jikinsa da zai taɓa ki ko jikoki.

Maganar shimfiɗa fa? An ce da an fara magani shi ke nan.

Nan ne ciwon ya fi yi wa maza nauyi, kuma nan ne aka fi yin shiru. Abin ya danganta da irin maganin. In tiyata aka yi aka cire tsokar gaba ɗaya, jijiyoyin da ke tayar da gaba suna manne da ita, don haka rauni na biyo baya. Wasu na farfaɗowa a hankali cikin shekara ɗaya zuwa biyu, wasu ba sa komawa yadda suke. Maniyyi ba zai ƙara fita ba ko da an ji daɗi, haihuwa ta hanyar da aka saba kuma ta ƙare. Wanda bai gama haihuwa ba ya tayar da maganar kafin a shiga tiyata, ba bayan an fito ba. Gashi kuwa a hankali yake rage ƙarfi. Allurar rage sinadari ita sha'awar kanta take kwantarwa, mutum ya ga matarsa yana son ta har zuciya amma jiki bai motsa ba.

Uwargida ta ji wannan da kyau: ba ke ce kika tsufa ba, ba kuma wata ce ta ɗauke masa hankali ba. Maigida kuma ya ji nasa: abin da ya fi ƙona mata rai ba rashin saduwar ba ne, juya bayan ne. Maza da yawa saboda tsoron kada a kai inda za su kasa, sai su daina komai, hira a ɗaki, zama kusa, ko riƙe hannu. Wasu har su ƙaura zaure da kwana.

Akwai taimako a asibiti, ƙwayoyi da wasu dabaru, kuma likitan mafitsara ya saba jin wannan tambaya, ba za ta ba shi mamaki ba. Amma kada a sayi ƙwayar ƙarfin maza a kemis a sha kai tsaye, domin tana da haɗari ga mai shan wasu magungunan ciwon zuciya. Na masu lasifika a kasuwa ya fi muni: ba a san abin da aka zuba ciki ba, kuma duk abin da zai ƙara sinadarin mazantaka abinci ne ga cutar.

Likita ya kawo shawarar cire 'ya'yan maraina. Maigida ya ce gara mutuwa da a dandaƙe shi.

Ba a yi masa dariya ba, kuma ba a matsa masa. Amma ya kamata ya san abin da yake ƙi. Idan cutar ta bazu, hanyoyi biyu ne na rage sinadarin: allura duk wata ko duk wata uku, a haka har illa masha Allahu, ko ƙaramar tiyata sau ɗaya. A wajen danne cutar aikinsu ɗaya ne, a wajen kwantar da sha'awa ma ɗaya ne. Bambancin shi ne allura na cin kuɗi ba ƙaƙƙautawa, kuma wanda ke yi yana tsallakewa saboda aljihu ya fi kowa asara. Ita kuma tiyata ba a mayar da abin da aka cire.

Muryar babban mutum ba ta sauyawa bayan wannan aiki, gemunsa ba ya zubewa, kuma akwai yadda ake yi a cire na cikin a bar kwanson, ta yadda wurin ba zai zama fayau ba. Ba wanda zai gane a majalisa. Zaɓin nasa ne, amma a yi lissafin kuɗin allurar shekara biyu a gabansa kafin ya yanke.

Mu uku ne a gidan. An fara zargin juna, kuma rabon kwana ya rikice.

Inda ba a yi bayani ba, amarya ce ke fara shan zargi, sai a ce tun da ta shigo Malam bai ƙara lafiya ba. Maganin wannan shi ne maigida ya tara su ya gaya musu magana ɗaya a zama ɗaya, ko a je da su wurin likita. In aka gaya wa ɗaya aka bar sauran, an ƙara wa wuta itace.

Rabon kwana a shari'a na kwana ne da zama, ba na saduwa ba, saboda haka ciwo bai soke shi ba. In jinya ta yi nauyi har yawo tsakanin ɗakuna ya gagara, akwai abin koyi: a ciwonsa na ƙarshe Annabi (SAW) ya nemi izinin matansa a yi jinyarsa a ɗakin Nana A'isha, suka yarda. Izini ya nema. Sauran matan kuma a ba su rabonsu na hidima, wannan abinci, wannan rakiya asibiti, don kada a wayi gari ɗaya ta gaji ta ƙare, sauran kuma suna jin an ware su.

An sa mini robar fitsari. Na daina zuwa jam'i da ɗaurin aure. Yaya sallata?

Sallarka na nan. A mazhabar Malikiyya, fitsarin da ke zuba ba da ikon mutum ba, idan yana ɗaukar rabin lokaci ko fiye, ba ya warware alwala, an so dai a sabunta in babu wahala. Abin da ya taɓa tufa na irin wannan lalura ta kullum an yi rangwame a kansa. Wanda yake limanci shi ne ke da ƙarin magana, domin malamai sun karhanta mai yoyon fitsari ya ja masu lafiya, ko da yake sallar ta yi. Ga dattijon da ya shekara ashirin a gaban sahu wannan ba ƙaramin rashi ba ne, kuma ya kamata jama'ar masallaci su san yadda za su riƙe girmansa. Ka zauna da malamin da ka yarda da shi ka faɗa masa halinka dalla-dalla.

Ta ɓangaren fita kuwa, akwai ƙaramar jaka da ake ɗaurewa a ƙauri, wando da babbar riga sun rufe ta ruf. A juye ta kafin a fita, a bar ta ƙasa da mara kullum, a je canjin roba ranar da asibiti ya sa. Mai ɗigon fitsari bayan tiyata zai iya sa famfas ɗin manya, kuma akwai motsa jiki na matse tsokar da ake riƙe fitsari da ita, wanda ke taimakawa in an dage. Kuskuren da aka fi yi shi ne rage shan ruwa don jakar ta daina cika. A zafin Birnin Kebbi na watan Afrilu wannan neman wata cutar ne, robar ta toshe, ƙoda ta wahala.

Ni ne ɗan fari, ko sunana Baba ba ya kira. Ta yaya zan yi masa wanka?

Kunyar nan ta gaske ce, musamman a gidajen Fulani, kuma ba sai an karya ta da ƙarfi ba. A tambaye shi wanda ya fi sakewa da shi. Sau da yawa matarsa ce, ko ƙanensa, ko wani daga cikin ƙananan 'ya'ya. Kai ka ɗauki abin da za ka iya: tuƙi, bin layin kati, kuɗi, magana da likita. In kuma babu kowa sai kai, ka rufe shi da zane, ka buɗe inda za ka wanke kaɗai, ka riƙa yi masa hirar gona ko farashin shinkafa. Kwana kaɗan za ku saba.

Yana kukan ciwon baya, yau kuma ƙafafunsa sun yi nauyi. Mu jira ranar asibiti?

Kada ku jira ko kwana ɗaya. Wannan cuta ƙashi ta fi bi, musamman gadon baya da ƙugu. In ta danne lakar baya, ƙafa kan yi nauyi ko ta mutu, fitsari ko bayan gida ya riƙe ko ya zubo ba sani. Awoyi ke raba wanda zai ci gaba da tafiya da wanda zai kwanta. Ku kai shi sashen gaggawa, ku faɗi sunan cutar tun a bakin ƙofa. Aliero ta yi suna a ɗori, amma ƙashin da sankara ta ci ba irin karayar faɗuwa daga babur ba ce, ja da matsa na iya ƙarasa shi.

Ina za mu je, kuma ina za mu samo kuɗin?

Ana fara bincike a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi, wanda aka fi sani da FMC, ko Asibitin Sir Yahaya, ko Cibiyar Lafiya ta Kalgo. Gashi sai an fita jihar: Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato shi ya fi kusa, sai na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, sai Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. A kira a tabbatar da rana kafin a ɗauki hanya, musamman mai tasowa daga Zuru ko Yauri. Gashin neman warkewa kullum ake yi, Litinin zuwa Juma'a, makonni a jere, don haka masauki da abincin mai jinya na cikin lissafi.

A 2021 gwamnatin tarayya ta buɗe asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar nono, ta bakin mahaifa da wannan ta maza, kuma Shika da Abuja na cikin asibitocin da aka fara da su. A tambayi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin. Mai rajista da KECHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kebbi, ko inshorar lafiya ta ƙasa ya bincika abin da katinsa ya ɗauke. Akwai kuma gidauniyar Medicaid ta Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, matar tsohon gwamna, wadda ta daɗe tana aikin wayar da kai kan sankara a jihar, kuma a 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da sankara ta duniya.

A cikin gida, a yi taro tun da wuri, a naɗa mutum ɗaya ya riƙe kuɗi da littafi. Kafin a sayar da fadama, a tambayi likita kai tsaye: wannan magani na warkarwa ne ko na sassauci? Iyali da yawa sun sayar da abin da marayu za su ci don ba wanda ya yi wannan tambaya. Shi kansa mara lafiya, ganin gonarsa na tafiya saboda shi na daga cikin abin da ke hana shi barci, saboda haka a sa shi cikin shawarar.

Addu'a da maganin gargajiya fa?

Addu'a ba ta karo da asibiti. Hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, neman magani kuma ba rashin tawakkali ba ne. Abin gudu shi ne mai cewa a ajiye allura a koma nasa, ko mai yanka farashi kafin ya ga takardar gwaji. Duk jiƙon da ake sha a nuna wa likita, domin ƙodar da fitsari ya daɗe yana danne ta ba ta jure komai ba.

Masu dubiya sun yi yawa, kowa da maganin da yake kawowa.

Dubiya lada ce, amma mai robar fitsari da ke son juye jakarsa ba zai iya cewa baƙi su tashi ba. A sa mutum ɗaya a zaure ya riƙa cewa Malam ya ɗan kwanta. Mai zuwa kuma ya taƙaita, ya yi addu'a, kada ya kawo labarin wane da irin wannan ciwo ya kashe. In aminai ne, su ci gaba da neman shawararsa kan rikicin gona ko auren 'ya kamar da. Wannan ya fi masa lemo da ayaba.

Ni ke jinya, na gaji, har nakan ji haushinsa. Na yi zunubi?

Gajiya ba zunubi ba ce. Mai jinya kowa na tambayar ta ya mai jiki, ba mai tambayar ta ya nata jikin. Ki faɗa wa 'ya'ya da dangin miji abin da kike so da sunansa: wane ya kwana da shi ranar Laraba, wance ta karɓi girki. In kina da hawan jini ko ciwon suga, kada ki bar maganinki.

Likita ya ce ba warkewa, sai dai sassauci. Me ya rage?

Da saura. Ko bayan ta bazu, maganin rage sinadari na iya riƙe ta shekaru, mutum na harkokinsa. In ciwo ya tsananta akwai matakan maganin raɗaɗi har zuwa mofin na sha, kuma wanda ake ba shi bisa ƙa'idar likita saboda ciwon sankara ba ɗan ƙwaya ba ne. Kada a bar dattijo yana cizon matashi da dare don tsoron abin da mutane za su ce. Wani lokaci gashi sau ɗaya tak kan kwantar da ciwon ƙashi.

Lokacin ne kuma na rubuta basussuka, mayar da amana, da wasiyya a cikin sulusin dukiya. Yin haka ba ya kiran ajali. In ya fara maganar, kada a katse shi da "haba Baba, daina faɗin haka". A ɗauko takarda da shaidu.

Mu 'ya'yansa maza da ƙannensa, muna cikin haɗari?

Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi ta, haɗarinsa ya kai ninki biyu na sauran maza, kuma yana ƙaruwa in mutum biyu ne a gidan ko ta kama wani kafin shekara 60. Yawan sankarar nono a dangi ma abin faɗa wa likita ne, domin akwai gadon da ke haɗa su. Cutar da aka kama tun tana cikin tsokar ana warkar da ita a mafi yawan lokuta, wata ma saboda jinkirin girmanta sa ido kawai ake yi. Baƙar fata ya fara maganar gwajin PSA da likita daga shekara 45, mai tarihin cutar a gida kuma daga 40. Jini kaɗan ake ɗiba a hannu, ba a buƙatar zuwa da yunwa, sai dai a kauce wa saduwa da aikin ƙarfi kwana biyu kafin gwajin, kuma a ajiye takardar sakamakon domin da ita za a gwada na gaba.